KAFIN KA KAWO TSUNTSU GIDAN DA AKWAI KYANWA

 

Maganar da nake so mu duba a wannan wata ƙarama ce a ido. Wani ma zai ce, ga maganar taki, ga ta iri, ga bashin ƙungiya, me ya kawo kyanwa da tsuntsu cikin takardar manoma? To, ku yi haƙuri ku ji abin da ya faru a wani ƙauye da nake zuwa aiki, sa'an nan ku yanke hukunci da kanku.

Wani ɗan'uwa, wanda shi ne ma'ajin ƙungiyar manoma ta ikilisiyarsu, ɗansa ya ci jarrabawa. Don murna sai ya sayo wa yaron tattabaru aure ɗaya ranar kasuwa. Bai yi musu ɗaki ba tukuna. Aka kife su da kwando a gindin rumbu, aka ɗora dutse, aka ce gobe za a kira kafinta. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. A dare na huɗu kyanwar gidan ta tura hannu ta ƙarƙashin kwandon, da gari ya waye sai gashi kawai aka tarar. Yaro ya yi ta kuka. Uban ya husata, ya sa kyanwar cikin buhu, ya hau keke ya kai ta bayan dutse ya yar.

Irin masarar ƙungiya kuwa a ɗakinsa ake ajiye shi. Kafin ruwan fari ya sauka, ɓeraye sun huda buhuna, sun ci, sun ɓata sauran da kashi da fitsari. Da ya ga haka sai ya sayo maganin ɓera ya barbaɗa a lungu-lungu. Kajin maƙwabciyarsa, wata gwauruwa ce 'yar zumuntar mata, suka tsallako suka tsattsage hatsin da aka gauraya da maganin, suka mutu. Magana ta kai gaban dattawan ikilisiya. An sasanta su, amma an yi watanni gidajen nan biyu ba sa gaisawa a ƙofar majami'a, ƙungiya kuma ta ci bashi ta sake sayen iri.

Duk wannan daga ina? Daga kwando guda da aka kife a gindin rumbu.

Ga ra'ayina, tun da fari. A gidan manomi kyanwa ma'aikaciya ce, tsuntsu kuwa baƙo ne. Ba laifi ba ne mutum ya so tsuntsu. Amma wanda yake da kyanwa, kada ya shigo da tsuntsu sai ya riga ya gina masa wurin da kyanwa ba za ta iya kaiwa ba. In ba shi da halin ginawa, ya haƙura da tsuntsun. In kuwa ya kawo shi haka nan aka yi ɓarna, kada ya ɗora wa kyanwa laifi, nasa ne.

KYANWA BA 'YAR ZAMAN BANZA BA CE

Da yawa cikinmu mun raina kyanwa don muna ganinta kullum tana barci a inuwa. Mu tuna yadda aka yi ta zo gidan ɗan Adam. Masana sun nuna cewa kyanwar gida ta fito ne daga muzurun daji, irin wanda har yanzu yake cikin dazuzzukan Afirka. Sa'ad da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, muzuru kuma ya biyo ɓerayen. A tsibirin Kubrus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, aka sami mutum da kyanwa an binne su kusa da juna. Masarawan dā ma, masu manyan rumbunan alkama, sun riƙe ta da daraja. Wato tun asali rumbu ne ya haɗa mu da ita.

Ku dubi abokin gābanta. Ɓera takan ɗauki ciki na mako 3 kawai, ta haifi 'ya'ya da yawa, ba da jimawa ba ta sake ɗaukar wani. 'Ya'yan kuma cikin wata 2 ko 3 sun isa haihuwa. Abin da ɓera ya ci kaɗan ne a kan abin da ya ɓata. Yana huda buhu, yana yanke igiya, yana cinye ƙwayar iri ya bar ɓawo, yana kashe 'yan tsaki, yana shan ƙwai.

Akwai kuma abin da ya fi hasarar hatsi muni. Mu mutanen ikilisiya bai kamata mu manta da zazzaɓin Lassa ba. A shekarar 1969 aka fara gane cutar, daga garin Lassa da ke Jihar Borno a yau. Ma'aikatan jinya biyu na mishan suka mutu da ita a wannan shekara, a 1970 kuma ta kashe likitar mishan a Jos. Daga baya aka gano cewa wani ɓera ne mai nonuwa da yawa yake ɗauke da ita. Shi ba ta yi masa kome, amma yana zuba ta cikin abincinmu ta fitsarinsa da kashinsa. Har yanzu cutar takan tashi kowace shekara a Nijeriya, musamman da rani, lokacin da aka ƙone daji ɓeraye suka shigo gari. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa a kan wannan cuta, akwai rufe hatsi cikin abin da ɓera ba zai huda ba, da zubar da shara nesa da gida, da tsabta, da kuma ajiye kyanwa.

Ba na cewa kyanwa kaɗai za ta ƙarar da ɓerayen gari. Babbar gafiya ma wata kyanwar tsoronta take ji. Dole a toshe ramuka, a share gindin rumbu, a rufe tukwane. Amma gidan da akwai kyanwa mai kuzari, ko warinta ma yakan sa ɓera ya yi hankali. Ba ta karɓar albashi, ba ta zuwa hutu, ba ta kashe kajin maƙwabci kamar yadda guba take yi. Wanda ya kori irin wannan ma'aikaciya saboda tattabaru biyu, bai yi lissafi ba.

HALI ZANEN DUTSE

Sau da yawa nakan ji mutum ya ce, "Ai tawa kyanwar Lami ce, ba ta cizo ba ta yaƙushi." Ɗan'uwa, kyanwar Lami cikin karin magana kawai take. Wadda take gidanka Allah ya yi ta da farce mai lanƙwasa, da ido mai gani cikin duhu, da ƙafa marar motsi. Halin da kake yabonta da shi in ta kama ɓera, shi ne dai halin da zai sa ta kama tsuntsu. Ba za ka ce mata, wannan mai gashi ki kama, wancan mai fiffike ki bari ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga abubuwa huɗu da ya kamata kowa ya sani.

Na fari, ƙoshi ba ya hana kyanwa farauta. Ko ka cika mata ciki da tuwo da nono, in ta ga abu yana fuffuka sai jikinta ya motsa. Yunwa dabam, farauta dabam. Shi ya sa takan kashe ɓera ta ajiye a ƙofar ɗaki ba ta ci ba.

Na biyu, sabo ba kariya ba ne. Gaskiya ne a gidaje da yawa kyanwa da manyan kaji suna yawo tsakar gida ɗaya lafiya. Dalili shi ne kaza babba ce, tana da baki da ƙafa, mai 'ya'ya kuwa faɗa take yi. Amma tattabara, da kanari, da 'yan tsaki, da 'ya'yan zabbi, duk daidai bakin kyanwa suke. Za su iya yin wata shida tare ba abin da ya faru, ran da tsuntsu ya firgita ya buga fiffike a gabanta, shi ke nan. Mu da kanmu mukan ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. To, haka sabo yake a wurin kyanwa.

Na uku, ba sai ta cinye tsuntsu yake mutuwa ba. A bakin kyanwa akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ba sa damunta, suna kuma kaiwa farcenta don tana lasarsa. In haƙorinta ko farcenta ya ɗan huda fatar tsuntsu, ko da ramin bai fi na allura ba, gashi ya rufe shi, cutar takan shiga jini. Ka ƙwace tsuntsun, ka duba ka ce bai ji ciwo ba, bayan kwana ɗaya ko biyu ka tarar ya mutu. Saboda haka in kyanwa ta taɓa tsuntsu, a nemi ma'aikacin dabbobi ran nan, kada a jira.

Na huɗu, tsoro kansa cuta ne. Tsuntsun da ke cikin keji ba shi da wurin gudu. In kyanwa tana zama gabansa dare da rana ta zuba masa ido, zai daina ci, ya daina kuka, ya yi ta bugun waya har ya karya gashin fiffike. Tattabara kuwa in aka firgita ta da dare takan tashi daga kan ƙwai, ƙwan ya yi sanyi ya lalace. Wani lokaci ma tattabaru sukan yi ƙaura gaba ɗaya su koma gidan wani.

WANE TSUNTSU KAKE SO, DON ME?

Kafin maganar gini, sai mutum ya tambayi kansa wane tsuntsu yake so. Ba duka ne ɗaya ba.

Aku tsuntsu ne mai ban sha'awa, yana kwaikwayon magana, yara suna sonsa. Amma ni ban ba manomi shawara ya saye shi ba. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya tsuntsun kurmi ne, daga kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango da maƙwabtansu. Akasari daga daji ake kamo shi, da yawa kuma suna mutuwa a hanya kafin ɗaya ya iso kasuwa. An kama su har sun kusa ƙarewa a wurare da dama. A ƙasar Gana bincike ya nuna sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 daga shekarar 1992. A 2016 ƙasashen duniya suka taru a Afirka ta Kudu suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ban da haka, aku yakan yi shekara 40 ko fiye. Yaron da ya yi kuka aka saya masa zai tafi makaranta, ya yi aure, akun yana nan, wa zai riƙa kula da shi? Ga shi kuma tsuntsu ne mai son jama'a, in aka bar shi shi kaɗai yakan yi ta fizge gashin jikinsa.

Kanari da tsirya da sauran 'yan tsuntsayen da ake sayarwa cikin kejin kara, su ma yawanci daga dajinmu aka kamo su. Kejin kara kuwa ba ya tsare kome. Mari ɗaya kyanwa za ta yi masa ya faɗo ya tarwatse. Kanari yana kuka a bishiyar bayan gida kyauta, ba ka ba shi gero, ba ka wanke masa keji. Me ya sa za ka biya kuɗi ka ɗaure shi a gaban mai cinsa? Hausawa sun ce mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa. Sau da yawa son da muke yi wa waɗannan 'yan halittu irin wannan ne.

Tattabara ita ce tsuntsun manomi. Ta saba da mutum tun zamanin dā, ba daga daji ake raba ta da 'yan'uwanta ba. Takan yi ƙwai 2, mace da namiji suna kwanci bi da bi har kwana 17 ko 18. Su ne suke ciyar da 'ya'yansu da bakinsu, cikin mako 4 'ya'yan sun isa yanka ko sayarwa. In suna samun abinci da ruwa da kwanciyar rai, aure ɗaya zai yi ƙyanƙyasa sau da yawa a shekara. Suna fita kiwo da kansu su komo. Naman yana da kyau ga mai jego da marar lafiya, kashinsu kuma taki ne mai ƙarfi ga lambun albasa da tumatir, in an bar shi ya ruɓe tukuna. Yaron da ya riƙe tattabaru yana koyon tashi da wuri, da ƙidaya, da tattali, wata rana ma ya sayi littafinsa da kuɗinsu. In dai za a kawo tsuntsu gida, ni ita na zaɓa. Amma ita ma sai da ɗaki.

ƊAKI TUKUNA, SA'AN NAN TSUNTSU

Ubangijinmu ya yi mana gargaɗi cikin Luka 14 game da mai ginin da bai zauna ya yi lissafi ba kafin ya sa harsashi. Ga lissafin da mai son tattabaru zai yi.

1. A ɗaga ɗakin sama a kan gungume ko ƙarfe, kamar ƙafa 7 ko 8 daga ƙasa. Kyanwa mai lafiya tana iya tsalle daga ƙasa ta kai tsayin kafaɗar mutum ba wahala.

2. Kyanwa tana hawa itace. Saboda haka a naɗe gungumen da falle na kwanon rufi, tsawon ƙafa 2 ko 3, a buga shi sosai yadda farce ba zai kama ba. Wanda ba shi da kwano ya huda tsohuwar tasa ya kifa ta a jikin gungumen, bakinta yana duban ƙasa. Wannan yana hana ɓera hawa ma. Dabarar da muke koya wa juna ke nan game da ƙafafun rumbun masara.

3. Kada a kafa shi kusa da katanga, ko danga, ko rufin ɗaki, ko reshen bishiya. Yawancin ɓarna ta sama take zuwa. Mutum ya tsare gindi da kyau, kyanwa ta bi ta kan katanga ta diro.

4. In ɗakin ƙasa ne ko akurki, a yi shi da ragar waya mai ƙananan idanu, kamar rabin inci. Raga mai manyan idanu, kyanwa tana zura hannu ta jawo tsuntsu. Ƙofa ta zama mai sakata, kada a dogara ga dutse ko tsumma.

5. A rufe da magariba, a buɗe bayan rana ta fito. Da almuru da kuma asuba kyanwa ta fi farauta.

6. Kada a watsa wa tattabaru hatsi a lungu, ko gindin tulu, ko kusa da tarin kara inda kyanwa za ta laɓe. A zuba musu a fili, ko a kan wani faifai da aka ɗaga sama. Ruwan shansu ma haka. A kwashe ragowar hatsi da yamma, don shi ne yake kiran ɓera.

7. Kada a taɓa jefa wa kyanwa mataccen tsuntsu ko ɗan tsako. Kana koya mata ne da hannunka. Akwai kuma hatsari. Murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya a 2006, aka fara tabbatar da ita a Jihar Kaduna, tun daga lokacin kuma takan sake ɓullowa. Kyanwa tana iya kamuwa in ta ci tsuntsun da cutar ta kashe. A haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu. In suna mutuwa da yawa, a gaya wa ma'aikacin dabbobi.

8. Sabon tsuntsu daga kasuwa, a ware shi mako 2 kafin a haɗa shi da na gida ko ya kusanci kaji. Kada kuma a ajiye keji cikin ɗakin kwana. Ƙurar busasshen kashin aku da na tattabara tana iya sa wa mutum ciwon ƙirji da zazzaɓi. A yayyafa ruwa kafin a share.

9. A riƙa ba kyanwa abinci. Akwai masu cewa in ka ciyar da ita ba za ta kama ɓera ba. Ba haka ba ne. Wadda take da ƙarfi ita ce take farauta da kyau, ta kuma zauna gida. Mai yunwa ita ce take shiga gidajen mutane, ta zama ɓarauniya. In akwai hali a yi mata allurar ciwon haukan kare, gama kyanwa ma tana kamuwa da shi.

Wanda ya karanta wannan ya ga ya fi ƙarfinsa a bana, ba abin kunya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya gaya wa yaron gaskiya, su fara tara kuɗin waya da kwano tare, baɗi a sayo tsuntsu.

ABIN DA WAƊANSU ZA SU CE

Na san akwai masu ja da wannan magana, bari in amsa musu.

Wani zai ce, "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi." Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma ba mu taɓa barin ƙofar rumbu a buɗe don mun dogara ga Allah ba. Cikin Farawa 2 an sa mutum a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Karin Magana 12:10 ta auna adalcin mutum da yadda yake lura da dabbarsa. Tsuntsun da ke daji yana da fiffike da zai tsere. Ran da ka sa shi cikin keji ka ƙwace masa wannan kariya, kai ne ka zama kariyarsa. In ka yi sakaci, kada ka kira shi ƙaddara.

Wani zai ce, "Ai a gidan wane na ga kyanwa da tattabara suna cin abinci kwano ɗaya." Yanzu ma yara suna nuna mana irin waɗannan hotuna cikin waya. Yakan faru. Amma ba wanda yake ɗaukar hoton ranar da abin ya ɓaci. Annabi Ishaya ya yi maganar lokacin da kyarkeci da ɗan rago za su zauna tare, muna kuma sa zuciya ga wannan rana. Ba ta zo ba tukuna. Kafin ta zo, makiyayi yana rufe garkensa da dare.

Wani zai ce, "Sai in dake ta har ta bari." Duka ba ya fitar da hali. Abin da za ta koya shi ne ta ji tsoronka, ta jira ka tafi gona. Ƙarshenta ka sami kyanwa mai gudun mutane, tsuntsu kuma ya tafi duk da haka.

Wani kuma zai ce, "To, in rabu da kyanwar mana, in sa magani." Maganin ɓera yana da wurinsa, amma a hannun wanda ya san aikinsa, cikin akwatin da kaza da yaro ba za su kai ba. Guba ba ta tambayar sunan mai ci. Tana kashe kaza, da kare, da kyanwar da ta ci ɓeran da ya sha ta, da mujiya wadda ita ma mai kama ɓera ce. Ɗan yaro mai rarrafe kuwa duk abin da ya gani baki yake kaiwa. Kuma kullum sai ka sake saye.

Akwai masu ƙin kyanwa don camfi, musamman baƙa, suna cewa ta mayu ce. 'Yan'uwa, mu da muka karɓi bishara bai kamata mu ji tsoron halittar Allah saboda launin gashinta ba. Baƙa da fara duk ɓera ɗaya suke kamawa.

Daga ɗaya gefen kuma, mai kyanwa shi ma yana da nasa nauyi. In kyanwarka ta saba shiga akurkin maƙwabci, kada ka ce ai dabba ce. Ka je ka ba da haƙuri, ka biya abin da ya dace, ka taimake shi gyaran akurkin, ka riƙa rufe ta a ɗakin ajiya da dare, inda ma aikinta yake. Shi kuma maƙwabcin ya tuna cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kyanwa ba ta san iyakar gida ba. Ko ka kori taka, ta maƙwabci tana nan, muzurun daji yana nan, shirwa da shaho da maciji suna nan. Ɗaki mai kyau shi ne maganinsu duka.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Ragar waya tana da tsada in mutum ɗaya zai saya. Amma in ƙungiya ta sayi naɗi guda ta yanka wa membobi, kowa zai samu da sauƙi. Tsofaffin kwanon rufi da aka sauke daga majami'a ko makaranta, kada a bar su su yi tsatsa, a raba su don naɗe gungume da ƙafafun rumbu. A roƙi kafintan da ke cikinmu ya yi ɗakin tattabaru guda na misali ranar aikin gayya, matasa su kalla su koya. Wanda kyanwarsa ta haihu ya sanar a taro, don 'ya'yan su tafi gidajen da ake bukatarsu, maimakon a zubar da su a rafi. Ɗakin ajiyar ƙungiya kuwa ya kamata ya sami kyanwarsa, a kuma sa wanda zai riƙa ba ta abinci da ruwa.

Ma'ajin nan da na ba ku labarinsa, yanzu yana da tattabaru fiye da aure goma a kan gungume mai kwano. Gwauruwar nan ce ta ba shi 'yar kyanwa daga cikin nata. Kyanwar takan zauna a gindin gungumen ta ɗaga kai tana kallo. Halinta bai sāke ba ko kaɗan, hawa ne ba ta iya yi.

DOMIN TATTAUNAWA A TARONKU NA WANNAN WATA

1. Gida nawa ne cikin ƙungiyarku suke da kyanwa? Su wa suka fi kuka da ɓera, masu ita ko marasa ita?

2. An taɓa samun saɓani tsakaninku saboda kyanwa, ko kaji, ko maganin ɓera? Yaya aka ƙare?

3. Me za ku iya saye tare kafin damina, don tsare rumbu da akurki da ɗakin tattabaru?

Ku rubuto mana abin da kuka gani a wurarenku, ko da kun saɓa da ni. Allah ya tsare mana abin da muka girbe, ya kai mu damina lafiya.

Naku cikin hidima,
Malamin Gona